Mun Je Neman Gwaggo a Ƙofar Kibo

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, mu uku, ba wanda ya ko kurɓi shayi. Ni ne, da mai fiyanonmu da ke buga mana kiɗa, da Hajiyar da ke ɗinka mana kayan wasa. Daga Kano muka nufi Zariya, neman matar da babu wanda ya taɓa ganin fuskarta a cikinmu.

Wanda ba ɗan guruf ɗinmu ba, bari in warware masa. Mu masu son wasan daɓe ne, irin wanda ake yi da waƙa, inda ɗan wasa zai bar magana ya kama rerawa. Muna da guruf a waya, mutane daga garuruwa daban-daban. Sunan dai na wasa ne, amma rabin hirar ta abin da aka karya da shi ce, da ƙorafin ɗauke wuta, da tsokanar wanda ya ja baiti muryarsa ta tsage a hanya. A cikinmu akwai wata 'yar Birnin Zazzau da muke kira Gwaggo, don ita ke rera ɓangaren gwaggo mai faɗa a wasan da muke haɗawa. Kullum saƙon muryarta ne ke buɗe mana gari. Ta gaida kowa, ta yi wa malalata tsiya, ta ja baiti ɗaya, ta tafi makarantar da take koyarwa. Sai rana ɗaya ta ɗauke ɗif. Saƙo ba ya shiga, waya a kashe. Da farko zolaya muke yi, wai Gwaggo ta yi yaji don an rage mata baiti. Da wata ya zagayo, zolaya ta ƙare, kowa ya shiga tunanin abin da ba ya son faɗa.

Ga kuma wata ƙura. Gwaggo ta sha gaya mana mahaifinta malami ne, gidansu gidan karatu ne, kuma a ɗakin ajiyar hatsi take shiga ta rera mana ƙasa-ƙasa. Ta taɓa cewa, “Ranar da Malam ya ji ina waƙa, ku dai sa ni a addu'a.” Da dariya ta faɗa, amma duk mun san ba wasa take ba. Saboda haka tun a tasha muka yi alƙawari: za mu je mu ga ko tana raye, tana lafiya, mu fito ba mu tona mata asiri ba. Kalmar waƙa, da wasa, da guruf, duk mun bar su a Kano.

Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na san shi, na buɗe baki zan yi ciniki, Hajiya ta harare ni, na biya. Direban irin masu gudun nan ne da suke ganin kamar mota ta gaba bashinsu ta ci. An kwana ana ruwa, titi na sheƙi, gonakin shinkafa wajen Kadawa sun yi shar gwanin sha'awa, amma hankalinmu ba ya kansu. A Kwanar Ɗangora masu talla suka yanyame tagogi da dafaffiyar masara da ƙwai. Na sayi masara uku, biyu suka huce a leda. Mai fiyano, mutumin da ko ana huɗuba sai ya kaɗa yatsu a gwiwa, ya zauna tsit ya zuba wa gilashi ido. Shirunsa ya fi gudun direban tayar mini da hankali.

A nan cikin motar muka tattara ɗan abin da muka sani na gidansu, kuma duk daga hirar banza muka samo shi. Mun san kusa da Ƙofar Kibo take, don kowace damina sai ta yi mitar kududdufin wajen. Mun san akwai injin niƙa a maƙwabta, don sau da yawa yana katse mata baiti ta ce, “Ga abokin hamayyata nan ya tashi.” Mun san akwai mai waina a bakin lungunsu wadda ba ta tausayin barkono a miyar taushe. Sunanta na gaskiya kuwa, wata rana ce tana cikin rerawa aka ƙwala kira daga tsakar gida, “Rabi!”, ta katse saƙon da sauri. Iyakar adireshinmu ke nan.

Mun sauka a Kwangila hantsi ya ɗaga. Na tsayar da adaidaita, mai shi ya yi murmushi ya ce, “Malam daga Kano ne ko? Nan keke muke cewa.” Na ce ko jirgi suke cewa, ya kai mu cikin birni. Muka bi ta Tudun Wada muka shiga ta Ƙofar Doka, daga nan gari ya canja. Gidaje suka matse, katangun ƙasa sun sha ruwa sun yi duhu, wasu an yi musu gyara da bulo rabi da rabi. A gindin bishiyoyi masu ɗinkin hannu sun baje manyan riguna a cinya, kansu a sunkuye, allura na shiga tana fita. Wata rana da na tsaya kallo. Ran nan burina kawai mu isa.

Da mai keke ya ajiye mu wajen Ƙofar Kibo, ya tambayi wane gida. Mai fiyano ya ce gidan wani malami ne. Mutumin ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce, “A birnin nan? To ai sai ku fara daga gidan farko.” Ya ja kekensa ya bar mu a tsaye.

Baƙo ko da ido makaho ne. Lungunan nan, a wasunsu mutum biyu ba sa jerawa, ga kwata tana gudu a tsakiya, ga taɓo. Muka koma bin gari da kunne, muna sauraron ƙarar inji. Na farko da muka samu na markaɗen kayan miya ne, ba mai waina kusa. Na biyu a rufe. Ni da mai fiyano ba mu isa mu tsayar da mutum mu tambayi matar wani gida da sunanta ba, nan take za a ce su wane ne ku, me ya haɗa ku. Tuni ma wasu dattawa a kan dakali suka fara bin mu da kallo, don mun wuce ta gabansu mun dawo mun sake wucewa.

A inji na uku ne muka ga tanda da hayaƙi a bakin lungu. Hajiya ta ce mu ja baya, wannan aikin mata ne. Ta tsuguna ta gaida mai wainar, ta saya, ta ɗanɗana miyar, ta juyo ta kalle mu idonta har ya kawo ruwa. Barkonon ya ba da shaida. Sannan ta tambayi gidan su Malama Rabi mai koyarwa. Matar ta tsaya da juya waina, ta ce, “Allah sarki, Rabi. Ku 'yan dubiya ne ko yanzu kuka ji?” Ta nuna da tsinken hannunta, mai saye ya zo, ta koma kan tandarta.

Yanzu muka ji me? Ba wanda ya iya tambaya. Muna shan kwana muka hango tabarmi a ƙofar gidan, maza zazzaune, takalma jere. Sai ka ce zaman makoki, Hajiya ta kama salati. Sai da muka matso na ga littattafai a hannunsu. Magidanta ne masu ɗaukar karatu, an tashi suna shirin tafiya. Na yi hamdala.

Hajiya ta yi sallama ta shige ciki, mu kuma aka ce mu shiga zaure. Malam na zaune a kan buzu, dattijo siriri, farin gemu, tabarau a karan hanci. Muka durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Kano, ya sa aka kawo ruwa. Sannan ya cire tabarau ya ce, “To, madalla. Daga ina kuka san Rabi?”

Ƙarya a gaban irin wannan mutum ba ta fita, gaskiya kuma ba ta faɗuwa. Na ce, “Allah gafarta Malam, Hajiyar da ta shiga ciki ƙawarta ce, mu rakiya muka yi. An daɗe ba a ji daga gare ta ba.”

Ya dube ni, ya dubi mai fiyano, ya ce, “Ba za a ji ba kam.” Ya gaya mana maƙoƙo ne ya fito mata, aka yi aiki, aiki ya yi kyau, amma murya ba ta dawo ba. Sai raɗa, ita ma da ƙyar. Likitoci sun ce a jira, wataƙila ta dawo, wataƙila shi ke nan. Na ji daɗi tana raye. Duk duniya a rasa abin da za a ɗauke wa Gwaggo sai murya.

Ina cikin jajanta masa wayar mai fiyano ta kama ƙara a aljihu. Mu 'yan guruf muna da wata ɗabi'a, in baiti ya yi wa mutum daɗi sai ya mai da shi kiran wayarsa. Mun yi alƙawarin kame baki, ba wanda ya tuna da waya. Muryar Gwaggo ta cika zauren tar, tana yi wa 'yar ɗan'uwanta faɗa a cikin wasa: “Tashi ki share ƙofar ɗaki, rana ba ta jiran mai barci.” Mai fiyano ya kama kokawa da aljihun da ke ƙarƙashin riga, wayar ta suɓuce ta faɗo kan tabarma tana ci gaba da rerawa. Da ya kashe ta, sai ƙarar injin niƙa nake ji daga waje.

Na sunkuyar da kai. A raina na ce shi ke nan, mun zo dubiya mun kashe mara lafiya.

Can Malam ya ce, “Wannan Rabi ce.” Ba tambaya ya yi ba. Na ce ita ce, na faɗi komai a gajarce, guruf da wasan da duk abin da muka rantse ba za mu ambata ba. Na ƙara da cewa ba ta taɓa fitowa a hoto ba, ba ta taɓa rera abin kunya ba. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya dubi mai fiyano ya ce, “Sake sa ta. Daga farko.”

Ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe. Da ta ƙare ya goge fuska da gefen rawani, ya gyara zama, muryarsa ta koma ta malamai. Ya ce, “Muryar 'yata ba ƙararrawa ba ce da za ta riƙa kiran maza a aljihu. Ka cire ta yanzu ina gani. Duk wanda ya yi irin wannan a cikinku, ku gaya masa na ce ya cire.” Mai fiyano ya ɗauki wayar zai cire. Sai Malam ya laluba ƙarƙashin buzu ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, ya miƙo. Ya ce, “Amma ka fara sa mini ita a nan.”

Hajiya ta fito idonta jawur. Sai a keke ta ba mu labari. Gwaggo ta rame amma tana kan ƙafafunta. Kashe wayar ta yi da kanta, don in ta buɗe ta ji ana rerawa sai kuka. Suna zaune suka jiyo waƙar daga zaure, ta damƙe hannun Hajiya har sai da ya yi shaida. Ba mu samu ganinta ba, ni da mai fiyano, kuma ba mu nema ba. Mun bar gidan ba mu san abin da Malam zai ce mata ba, wannan tunanin ne ya rako mu har tasha. Wainar nan mai barkono a mota muka cinye ta a sanyaye. Ba wanda ya yi wa mai fiyano faɗa, kamanninsa kaɗai sun isa.

Mun shigo Kano ana kiran magariba. Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Hirar da muke rainawa, ta inji da waina da kududdufi, ita ta kai mu ƙofar gidan da taswira ba za ta kai mu ba, don haka in ɗan'uwa na surutunsa na safe a saurare shi. Na biyu, shekaru muna tare da mutum kullum, ba mu san tana ciwo ba, saboda muryarta muke jira, ba mu taɓa cewa ya jikinki ba. Na uku saƙon Malam ne, kuma na isar: mai muryar Gwaggo a kiran waya ya cire, yau ba gobe ba.

Da izininta na rubuta wannan. Ina cire takalmi a ƙofar ɗaki saƙonta ya shigo, a rubuce, karo na farko tun da na san ta. Ta ce, “Kun isa lafiya? Malam bai ce mini komai ba. Amma tun da kuka tafi nake ta jin muryata daga zaure.”