Ƙafafun Babana

Har yau in na bi ta wajen masu babbakar ƙafar saniya, sai na toshe hanci na ƙara sauri. Wasu na cewa ƙamshi ne, ni kam wallahi ba na iya shaƙarsa. Bari in gaya maka dalili.

A Ngojin, ta wajen Potiskum, na tashi, a gidan kakana na wajen uba. Mahauci ne, tsoho mai faɗin kafaɗa, Hausarsa da nauyi, in zai yi zagi kuwa da yarenmu yake yi don ya fi shiga jiki. Babana shi ne babban ɗansa, aikinsa lodin shanu a tirela a kasuwar shanu. Ina 'yar shekara tara nakan tsuguna gefen Kaka in yana saran ƙashin baya da gatari. Wata rana ya zaro wani farin abu mai laushi daga ramin ƙashin, ya miƙo mini a kan wuƙa.

"Kin ga wannan? Laka ke nan. Daga kai ta taso, jijiyoyi suka rabu daga jikinta zuwa ƙafa da wutsiya. In ta tsinke, ko sa ya kai giwa ba ya tashi."

Ka ga ashe ya sani. Wannan shi ne abin da na kasa yafe masa.

Da damina abin ya faru, ranar kasuwa, an kwana ana ruwa. Babana yana saman tirela yana jan igiya, santsi ya kwashe shi, ya faɗo da baya a kan bakin dakalin lodi. Abokan aikinsa suka yi abin da kowa ke yi: biyu suka kama hannu, biyu suka kama ƙafa, tsakiyarsa na lilo kamar buhun da bai cika ba. Suka naɗe shi a bayan mota zuwa gida. Da aka shimfiɗe shi a zaure yana ihu, ni da idona na ga babban yatsan ƙafarsa na dama yana motsi. Innata ma ta gani, ta ce alhamdu lillahi.

Ta roƙi a kai shi asibiti. Kaka ya ce asibiti yanke ƙafa kawai suka iya, aka kira maɗori. Ƙarti huɗu suka danne babana rub da ciki, maɗorin ya sa gwiwa a gadon bayansa, ya yi tofi, ya ja. Muka ji ƙas. Ihun ya tsaya cak, mutane suka ce ma sha Allahu, ƙashi ya koma. Yatsan nan bai sake motsi ba.

Aka kwana arba'in ana jira. Gero ya fitar da kai a gonakin ƙauyen Danchuwa, babana na nan kwance. Hannuwansa lafiya lau, yana cin tuwo da kansa, yana raha da mu. Amma daga cibiya zuwa ƙasa kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Fitsari na zuba bai sani ba. Ƙafafun suka fara tsotsewa. Kaka kuwa kullum ya dawo daga mahauta sai ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Rago. Mai cin kwano biyu shi ne ba ya iya tashi? Ka ji daɗin kwanciya ne."

A wajen lodi, in sa ya kwanta ya ƙi tashi, akwai yadda ake yi masa. A murɗe wutsiya, a cije ta, a zuba masa barkono a ido. In duk ya ƙi, a ɗora masa ƙarfe mai zafi, sai ka ga ya zabura. Da wannan ilimin Kaka ya shigo wata rana da hantsi, bayan ya aiki innata gidan ƙanwarsa. Ya sa ƙarfe a garwashi, ya miƙo mini mafici.

"Fifita."

Na fifita. Me 'yar shekara tara za ta ce wa wannan tsoho? Kuma kada in yi maka ƙarya, a raina ina fatan ya yi aiki. Ina son in ga babana ya zabura ya bi ni da gudu ko da duka ne.

Babana na kwance yana kallon bango. Kaka ya ɗaga tafin ƙafarsa na dama ya manna ƙarfen. Fata ta yi cuuu, hayaƙi ya tashi. Kaka ya ƙara dannawa, haƙoransa a cije, yana jira. Babana ya shaƙi iska, ya juyo da kai gare ni.

"Uwata, wa ke babbaka a gidan nan?"

Kaka ya yar da ƙarfen ya fita. Bai sake leƙa ɗakin ba. Ƙunar ta ƙi warkewa, ta ruɓe, ta haura, mai ita bai ji komai ba sai zazzaɓi. Kafin a gama girbi muka rasa shi. A wajen zaman makoki na ji Kaka yana gaya wa mutane wai babana dama ba ya da ƙarfin zuciya.

Yanzu na haura arba'in. Potiskum ta cika da asibitoci da kemis, akwai masu gashin ƙashi, akwai hoton da ke nuna lakar mutum tun yana raye. Amma hannun mutanenmu bai canza ba. Bara mota ta buge wani mai babur a gabana, ya faɗi da baya, kafin ka ce kwabo an rufu a kansa, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa. Na yar da cefanena na kutsa, na zauna daɓas a kwalta, na riƙe kansa da hannu biyu. Na ce duk wanda ya ɗaga shi ban yafe ba, a nemo katako mai faɗi. Na zagi dattawa sa'annin mijina, ko a jikina. Yaron bai fi shekara ashirin ba, yana kuka yana cewa yana jin ƙafarsa, yana jin ta.

Wani ya ce, "Haba Hajiya, wannan faɗa haka, ɗanki ne?"

Na ce, "Ubana ne. Kada ka taɓa shi."