Jiƙaƙƙen Buhun Hajji Bashir

Ranar Alhamis ce bayan Babbar Sallah, shekarar da na kai izu goma a makarantar allo, aka yi bikin ɗan Hajji Bashir, mai wurin gasa bulo mafi girma a unguwarmu ta Aljirif da ke bakin Nilu. Tun la'asar yayana Musa ya kafa kayan kiɗansa a ƙarƙashin rumfa, ni kuwa na tsuguna a bayan amfilifayarsa da mafici a hannu. Baƙar akwati ce mai nauyi da ya samo a birnin Umdurman, a cikinta akwai wasu 'yan kwalabe da ke yin ja kamar garwashi idan sun ɗauki zafi. Sai sun yi jan nan jitarsa ke fitar da murya mai kauri da taushi, wadda har tsofaffin da suka ƙare ƙarfinsu a gonakin auduga na Jazira ke yin shiru su saurara. Aikina fifita ne, don kada zafin ya wuce kima.

Ana tsakiyar kiɗa Hajji Bashir ya zagayo, ya taɓa akwatin, ya ji zafi. "Ya bit, ke yarinya, rumfata za ku ƙona min?" Na ce masa haka take aiki, ya ture ni da ƙafa. Ya cire jiƙaƙƙen buhun da ake naɗe randa da shi, ya lulluɓa mata yana ɗiga. Na ji ƙas, ƙas, sai wani wari, jitar ta yi shiru. Da Yaya Musa ya nemi ko a gyara masa, a gaban jama'a Hajji Bashir ya ce, "Ku gode Allah, na raba ku da kayan shaiɗan." Mutane suka yi dariya.

An yawata da akwatin wurin masu gyaran rediyo har Kasuwar Libiya ta Umdurman, kowa ya ce cikinta ya ƙone. Abokan kiɗansa suka ɗauki wani. Kafin wata ya zagayo, yayana na cuɗa laka a wurin mutumin nan, yatsun da ke taɓa tsirkiya duk sun tsage. Baba cewa yake, "Mai haƙuri shi ke dafa dutse." Inna kuwa tana tuya tana faɗin, "Ramuwar gayya ta fi gayya zafi." Ni maganar Inna na ɗauka.

Ni ke kai wa Yaya abincin rana, don haka na san filin da ake shanya ɗanyen bulo, na san kuma magudanar da ke kai ruwan Nilu gonar albasa ta gefensa ta bi. Wata Juma'a da maza suka tafi masallaci, na ɗauki fartanyar Baba na fasa bakin magudanar. Na zauna a gindin dalbejiya ina kallon ruwa na bin layi layi, bulo na narkewa yana komawa laka. Da Hajji Bashir ya dawo, ya shiga ciki da farar jallabiyarsa yana kururuwa. Na matsa na kira shi baffa da Larabci, na ce, "Ammu, na ga rana ta yi musu zafi ne." Na sha bulala a gida, an kori Yaya daga aikin, har yau kuwa ban ji na yi nadama ba.

Yaya bai sake riƙe jita ba har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu masu tara tsofaffin kayan kiɗa na neman irin akwatin nan ido rufe, ko da matacciya ce, wai na zamani ba su da wannan murya. Jikan Hajji Bashir ma ya zo da wani baƙo yana taya ta Yaya da ke ajiye a ɗakina. Na ba su shayi, na raka su ƙofa. Su akwati suke nema, ni kuwa mai kaɗa ta nake kewa.