Cin Abinci a Bayan Ƙyaure

Da na koma Abuja aiki, tsadar garin ta yi ta rage ni. Na daina sayen nama, na daina shiga mota. Daga baya na koyi rufe ƙofa kafin in buɗe kwano, don idan ka ce wa maƙwabci bismilla, hannu yake wankewa.

Bara na je gida Kaoje. Inna ta zubo mini shinkafa da busasshen kifi. Ƙannena na zaune a tsakar gida, na wuce su na shige ɗaki, na tura ƙyaure.

Inna ta leƙo ta taga. "Kai ɗan nan, sato abincin ka yi?"

Na jira kunya ta zo, ba ta zo ba. Na cinye, na suɗe kwanon.