Rariyar Taki da Rigar Surukina

Shekarar da takin zamani ya ɓace daga kasuwa, sana'ata ta nemi ɓacewa tare da shi. Dillancinsa nake yi a Bodinga tun farkon mulkin farar hula, ina sarowa ina sayar wa masu lambun albasa. Da aka shiga ostariti, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ɗan abin da ke zuwa sai ya tsaya hannun 'yan siyasa, mu da ba mu kafa tutar jam'iyya a ƙofar gida ba muka koma kallo. Ban zauna ba. Kafin a kawo na buhu, da takin gida aka san albasa. Na nemi fili a bayan gari kan hanyar Shagari, na shiga tara juji da toka da kashin awaki, ina kuma aika jakai su ɗebo kashin shanu daga mashekarin Fulani wajen Horo Birni.

Aibin takin juji tarkace: fasassun kwalabe, ƙasusuwa, gwangwani, tsumma. Mai gonar gero ba ruwansa, amma mai yafa irin albasa yana son taki mai laushi kamar gari, don ɗan tsiron ba ya iya ture ko ɓawon gyaɗa. Dole a tankaɗe. Ina da taubashi mai walda a Shagari, shi na kai wa maganar. Muka haɗa rariya mai juyawa da rodi da zobban tsohuwar ganga, muka naɗe ta da waya mai ƙananan idanu, muka kwantar da ita a ɗan karkace. Tsohon injin niƙa ke juya ta. Mai laushi ya zubo ta ƙasa, tarkace ya gangara ya fita ta gindi.

Rariyar ta yi aiki, amma tun ranar farko ban so yadda ake ba ta taki ba. Ma'aikata na ɗaukowa da kwanon sarki su juye a bakinta tana juyawa, in ya cushe su tura da hannu. Wata rana kwano ya suɓuce wa ɗayansu, ta haɗiye shi, ta yi ta buga shi a ciki har ya faɗo ta gindi a naɗe kamar ganye. Mutumin ya yi dariya, sauran suka taya shi. Ni hannunsa nake kallo. Yana da iyali, kuma a filina yake. A ranar na ƙudurta sai na yi abin da zai riƙa kai mata taki ba tare da ɗan Adam ya matsa kusa da bakinta ba.

Abin da muka shirya ba shi da wuyar fahimta. Mun haƙa ɗan rami nesa da rariyar, muka sa rabin ganga a ciki kamar mazurari, yadda jaki zai tsaya a juye mangala kai tsaye. Daga ƙarƙashin gangar sai doguwar shimfiɗa mai tafiya ta hau da takin zuwa bakin rariya. Bel na gaske ba ya samuwa a lokacin, ko a Sakkwato, don haka na sayi tsohon tamfol na babbar mota, baduku ya yanka ya ninka ya ɗinke, muka kafa masa 'yan katakai a gicciye don kada taki ya zame baya. Bututun ƙarfe biyu ke jan sa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna juyawa a kan boris da muka ciro daga mataccen babur. Gwajin farko ya yi gudu har yana watsa taki bisa rufin rumfa, taubashina ya ce ai na ƙera abin yi wa tsuntsaye taki. Muka sa sarƙar babur da haƙora manya da ƙanana, gudun ya dawo daidai tafiyar mutum.

Abu ɗaya ya rage. Sandar ƙarfen da ke ɗauke da sarƙar ta zarce waje kamar tsawon hannu, daidai gwiwar mutum, kuma ita da gudun injin take juyawa, ba da na tamfol ba. Abin da ya kamata a soka a bakinta ya riƙe haƙoran ba mu same shi ba, sai taubashina ya soka ƙatuwar ƙusa ya lanƙwasa kanta. In tana juyawa ba ka ganin ƙusar, sai wata inuwa-inuwa. Ranar da muka gama, iska ta turo wani buhu da ba kowa a ciki ya taɓa wurin. Ban ga lokacin da ta kama shi ba. Na dai ga buhu a ƙasa, sai kuma na gan shi a nannaɗe jikin ƙarfe, a matse kamar igiyar guga. Sai da wuƙa muka ɓanɓare shi.

Na ce a yi mata murfi. Taubashina ya ce zai yi, amma sandar walda ta yanke masa, sai an kawo. Lokacin yafa iri kuwa ya kama, ruwa ya ɗauke, masu lambu na ta aiko jakai. Na ci gaba da aiki bisa doka uku. Kowa ya tuɓe riga ya rage singileti da gajeren wando. Na ja layi da toka kewaye da wajen ƙusar, ba mai ƙetarewa. Na kuma tsayar da mutum ɗaya, dattijo mai natsuwa, ba shi da wani aiki sai tsayuwa kusa da ɗan ƙarfen da ake ja a kashe injin. Duk da haka kullum da faɗuwar gaba nake yini. Ko akuya ta gifta sai na tashi na kore ta.

Ana haka matata ta ce mini mahaifinta yana son zuwa ya ga abin da ake ta labari.

Surukina tsohon manomin albasa ne a Danchadi, mutum mai girma a garinsu. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya nakan ratse, in cire takalmi, in durƙusa har ya wuce. In yana da magana da ni, wani yake gaya wa ina zaune ina ji. Abu uku na sani game da shi suka hana ni sukuni. Ba ya fita sai da babbar riga ta saƙi, mai faɗi har ƙasa. Kunnensa ya yi nauyi. Kuma ba ya yarda da taki sai ya damƙa da hannunsa ya murza ya shinshina.

Na gaya wa matata ƙarara: a ce masa kada ya zo sai an yi murfi, abin yana cin tufafi, yana iya cin mutum. Ita ba za ta iya kallon ubanta ta ce kada ya je wuri ba, sai ta gaya wa mahaifiyarta cewa aikin da saura, akwai ɗan haɗari. Tsohuwar kuma ta ga ba daɗi a ce suruki ya hana shi zuwa, sai ta ce masa yaron yana jin nauyin a ga aikinsa bai kammala ba. Da saƙon ya dawo mini, cewa aka yi Baba ya ji tausayina, ya ce ba komai, zai zo ya sa albarka ko da ba a gama ba.

Na hau keke na tafi Shagari na matsa wa taubashina. Ya nuna mini kwalin sandar walda wayam, sannan ya kwashe da dariya.

"To mi a wahala, dillali? In ya zaka ka ce, Baba tuɓe, ga singileti."

Na ce masa ba wasa na zo ba. Ya ga fuskata, ya daina. Ya ce in sa a riƙa duban hanyar Danchadi, da an hango shi a kashe injin. Shawarar ta yi, na kuwa bi ta. Sai dai ba ta hanyar Danchadi ya zo ba. Ya biya gaisuwar rasuwa a wani ƙauye, ya ɓullo mana ta baya da hantsi, ya sauka daga jakinsa a bayan tsibin taki inda ba mai ganinsa. Ƙarar injin ta rufe komai. Ban ankara ba sai ga shi tsaye cikin farar riga, ya riga ya taka layin toka.

Abin da kowa ya yi shi ne abin da aka koya masa tun yana yaro. Masu kwano suka ajiye, masu jakai suka saki igiya, duk aka zube ƙasa aka sunkuyar da kai. Dattijon da na sa gadin injin ma ya ga rashin ladabi ne ya gai da babba daga nesa, ya baro wurinsa ya matso ya durƙusa. Ni ma ƙafafuna suka yi abin da suka saba, na tsinci kaina a tsugune ba takalmi. Mutum kusan goma a filin, ba mai kallon komai sai ƙasa.

Tsoron ƙusar ne ya ɗaga mini kai. Daga inda nake a ƙasa ina ganin bakin rigarsa yana lilo, tsakaninsa da inuwar nan bai fi tafin hannu ba. Ya ɗaga mana hannu alamar amsa gaisuwa, sannan ya juya ya sunkuya kan tamfol don ya damƙi taki. Da ya sunkuya rigar ta zubo gaba. Na ce "Baba," amma da muryar da na saba yi masa magana ta fito, ko ni da ƙyar na ji. Na ga ƙyallen ya motsa kamar an ɗan ja shi, ya saki. Sai ya sake motsawa, bai saki ba.

Ban san yadda na isa wurinsa ba. Na rungume shi ta baya a ƙugu na ja, ina ihu a kashe. Da rigar kanti ce da ta yage mun huta, amma saƙi ba ya yagewa. Ta ɗaure a kafaɗarsa ta dama tana jan sa ƙasa, ni ina jan sa baya, na ji wani abu ya yi ƙara a jikinsa. An ja ƙarfen kashewa, sai dai irin wannan injin ba ya tsayawa nan take, ƙatuwar ƙafar ƙarfen da ke gefensa sai ta gama juyinta. Kan tsohon yana ta matsawa kusa da sarƙa. Akwai wuƙar yanka igiyar buhu a ƙuguna. Na zare ta na cusa a wuyan rigar, dab da maƙogwaronsa, na tsarga zuwa kafaɗa. Ya zame daga ciki, muka faɗa kan tankaɗaɗɗen taki, ni a bisansa.

Injin ya yi tari ya mutu. Rigar duka ta naɗe a jikin ƙarfe. Surukina yana kwance da 'yar ciki, rawani ya warware, kansa a buɗe, furfurarsa duk taki. Idanunsa a rufe, ga jini yana bin wuyansa. Ma'aikata suka kau da kai don kunya, ni kuwa na durƙusa ina kallon jinin, ban san ko rigar na yanka ko mutumin ba. Na sa yatsa na share. Ƙwarzane ne a kan ƙashin wuya, bai shiga ba. Sai ƙirjinsa ya ɗaga, ya yi salati a hankali. Hannunsa na dama kuwa yana kwance ta inda hannu ba ya kwanciya.

Na lulluɓe shi da rigata da ke rataye a rumfa, muka tare wata motar ɗaukar kaya muka kai shi wurin maɗori a Sifawa. Duk hanya ina riƙe da bakin mota ina sauraron numfashinsa. Maɗorin ya lallatsa ya ce ba karaya, kafaɗa ce ta goce, amma mai shekaru irin nasa jan yana iya sumar da shi, wani ma ba ya farfaɗowa. Ya ce yana son mai ƙarfi ya riƙe ƙirjinsa ta baya kada ya motsa. 'Ya'yansa maza ba su iso ba tukuna. Ni na ja baya na tsaya bakin ƙofa, kaina a ƙasa, don abin da na riga na yi wa jikinsa a ranar ya isa.

Tsohon bai dube ni ba. Sai ya gaya wa maɗorin ina ji, kamar yadda ya saba.

"Shi ya riƙe ni. Ya riga ya san nauyina."

Na zauna bayansa na zagaye shi da hannuwana. Ƙashi ne kawai da fata, zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna da sauri kamar ta tsuntsu. Maɗorin ya kafa ƙafa a hammatarsa, ya yi bisimilla, ya ja. Na ji ƙashin ya koma. Jikinsa ya saki gaba ɗaya, kansa ya faɗo kan kafaɗata, bugun ya ɓace mini. Na yi ta laluben wurin da tafin hannu. Maɗorin ya yayyafa masa ruwa, muka jira. Can sai na ji shi, a raunane, sannan ya ƙaru.

Injin bai sake tashi ba sai da aka rufe sandar da sarƙar cikin akwatin ƙarfe, na bar masu lambu suka yi ta fushi. Surukina ya rayu shekaru bayan haka, ya ci gaba da noman albasarsa, amma hannun bai ƙara ɗaguwa yadda yake ba. In na je Juma'a Danchadi nakan tsaya a sahun bayansa. Liman na yin kabbara, na hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji.