Batirin da Na Ara wa Surukina

Shekarar da na kai 'yan matan makarantarmu gasar mutum-mutumi a Azare, da batir biyu muka baro Chinade, ɗaya a cikin na'urar, ɗaya a aljihuna. Na'urar 'yar mota ce mai taya huɗu, aikinta ta bi baƙin layi ta kai wani ɗan akwati ƙarshen tebur. Zango guda ɗalibaina suka yi suna haɗa ta, har hutun tara ba sa fita.

Muna shiga zauren na hango surukina, mahaifin matata, wanda ke koyarwa a wata makaranta cikin gari. Shi ma ya kawo yaransa. Na je na durƙusa na gaishe shi, ina kallon takalmansa kamar kullum. Sai na ji yaran suna cewa batirinsu ya kumbura. Wallahi bai tambaye ni ba. Hannuna ne ya shiga aljihu da kansa, ya miƙa masa batirin.

Ban jima da komawa teburinmu ba wata waya ta tsinke a na'urarmu, ta taɓa 'yar'uwarta, sai ƙauri. Shugabar 'yan matan, yarinya mai kaifin baki, ta ari ƙarfen liƙi wurin 'yan Sakwa ta gyara wayar tsaf. Muka kunna, shiru. Batirin ya mutu murus. Ga shi an sanar cewa duk wanda aka kira bai fito ba, an cire shi ke nan.

Na tashi na nufi surukina da niyyar magana, na durƙusa, sai na ji bakina yana tambayarsa ya gajiya. Ya ce babu gajiya. Na dawo. Na zaga teburin 'yan Bulkachuwa, batirinsu bai shiga ramin namu ba. Na sake komawa wurin surukina, wannan karon har mutanen gida na tambaya, alhali jiya na gan su. Batirina na gani ƙiri-ƙiri, yaransa suna ta gwaji da shi, cajin yana tafiya. Ni da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, ta ina zan fara cewa ya maido mini abin da na ba shi? Gumi ya jiƙa mini riga, ina jin tsoro ƙwarai, don makaranta ɗaya ta rage kafin a kira mu.

Da na dawo hannu rabbana, yarinyar ta dube ni ta ce, "Malam, surukinka ne fa, mu ba surukinmu ba ne."

Kafin in ce uffan ta gyara hijabinta ta tafi. Na sunkuyar da kai ina ta salati. Can sai ga shi da kansa, batir a hannu. Ya ajiye a teburin ya ce, "Ranar neman aure wakilai ka turo, yau ma wakiliya. Allah ya shirye ka."

Aka kira mu. Na'urar ta tashi a sanyaye, tana jan ƙafa kamar tsohuwar akuya, saboda cajin ya yi ƙasa. A kwanar ƙarshe ta tsaya, sannan ta ja jiki ta tura akwatin ya haye layin ƙarshe. 'Yan matan suka rungume juna.

Ina cikin share gumi na ji an ce makarantar surukina ta shirya. Na ɗaga kai, sai ga shi tsaye kusa da teburinmu, hannu a baya, yana kallon rufin zauren. Ya yi gyaran murya, ya tambaye ni ya gajiya.

Na ce babu gajiya. Na zare batirin a hankali, na miƙa wa yarinyar ta ƙarƙashin tebur don ta ba shi.