Yaya Mal-sun, Asibitinki Na Jiran Ki Ran Talata

Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, Pyo Mal-sun ta kasuwar kifin Tongyeong ta rasu a wani asibiti a Busan. Yaya, an ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙarewar kwana, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, ba kuma uba ɗaya ba. Shekarar da teku ta cinye mijina, ke kika zo kika naɗe shimfiɗata, kika ce, "Tashi mu tafi gidana, ga ɗaki. Kukan ma kya fi jin daɗinsa in da mai yi miki tsawa." Tun ranar tukunyarmu ɗaya. Duk kaka in muna haɗa kimchi, kabejin nan da muke jiƙawa da gishiri da yaji, sai kin kushe hannuna, wai gishirina ko na rowa ne, sannan ki kwashe rabi ki kai wa tsofaffin unguwa ki ce ni na aiko.

Kin sha gaya mini wata allura ta taɓa kusa kashe ki a asibitinmu na gari. Sunanta na Turanci ne, ke kanki ba ki riƙe ba. "Suna da shi a na'urarsu," in ji ki.

Da kika yanke jiki kika faɗi a Busan, wurin bikin 'yar ƙawarmu, na shaida wa likita. Ya ce wace allura? Na ce ya duba na'ura. Ya ce tasu ba ta ganin abin da ke cikin ta Tongyeong, sai dai a je a karɓo. A ƙasar da firji ma yake magana da wayar hannu!

Na hau mota na koma asibitinmu na Tongyeong, na nemi bayananki. Yarinyar da ke kan tebur ta ce, "Iya, mene ne haɗinku?"

Na ce, "Yayata ce."

"To takardar shaidar dangantaka fa? Ko ita ta sa hannu, ko ɗanta ya zo."

"Tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, ɗan kuma yana jirgin kamun kifi a tsakiyar teku. 'Yar nan, sunan allura kawai nake so!"

"Doka ce, Iya, sirrin mara lafiya muke karewa."

Ban ga laifin yarinyar ba. Laifin na manyan da suka zauna suka tsara ne, waɗanda kullum suke cika baki cewa sun haɗe asibitoci wuri guda. Kafin in dawo jikinki ya rikice, likitoci ba su iya jira ba, suka yi abin da suka ga ya dace. Allurar nan ce suka yi miki. Sun kare sirrinki, Yaya, har kabari.

Ubangiji ya jiƙan ki, ya ba ki hutun da ba ki samu a kasuwa ba. Gil-su, ɗan Yaya kuma ɗana, Allah ya ba ka juriya, kai da matarka da yara. Ɗakinka na nan yadda ta bar shi.

Jiya wayarki ta yi ƙara a kan tebur. Saƙo ne daga asibitinmu na gari: kina da ganin likita ran Talata, don Allah kada ki makara. Har yanzu ba wanda ya gaya wa na'urarsu. Ni ma ba zan gaya mata ba, ai ni ba danginki ba ce.