Zanen da Baba ya ji

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba na jin zan manta shekarar da ƙanwata ta samu jami'a, da yadda kalma ɗaya tak ta kusa hana ta tafiya.

A Anka muke. Babanmu malami ne, yana karantar da yaran unguwa a zaurensa, kuma duk mai saukar Alƙur'ani, wurinsa ake kawo allo ya yi masa zayyana, adon nan mai launi-launi. Ni ce babba a ɗakinmu. Daga sakandare na ajiye biro na kama keken ɗinki, kuma ban yi kuka ba, don ni da zaman aji ba ma shiri. Autarmu kuwa daban take. Ba ta da magana, amma in ta samu gawayi bangon madafi ya shiga uku. Sai ta zana tulu ka ji kamar ka miƙa hannu ka ɗebi ruwa.

Da aka ba ta gurbi a sashen fasahar zane-zane na wata jami'a mai nisa da gida, sai ta kasa faɗa wa Baba. Kullum tana raɓe-raɓe a bakin zaure ta dawo. Na gaji da kallonta, na ja hannunta muka shiga, muka durƙusa.

Na ce, "Baba, Auta ta samu jami'a."

Ya ce, "Masha Allahu. Mi za ta karanta?"

"Zane."

"Zane? To madalla, sana'ar mata ta. Allah shi yi albarka."

Kafin ya rufe baki na kai tsakar gida ina guɗa. Ashe Baba zanen ɗaurawa ya ji. Ya riƙa gaya wa mutane ɗiyarsa za ta koyo yadda ake yin atamfa. Har Gwaggonmu ta Gummi ta aiko cewa in an fara sarrafawa a tuna da ita, mai ruwan ganye take so. Ni na ɗauka barkwancinta ne na kullum.

Ana cikin makon tafiya, an ɗaure akwati, sai wani malamin makarantar su Auta ya tare Baba bayan sallar Juma'a yana taya shi murna. Ya ce yarinyar nan wata rana ita za ta riƙa zana mutanen cikin littattafai, da hotunan nan masu motsi da yara ke kallo a talabijin. Baba ya shigo gida ko babbar riga bai cire ba, ya kira mu.

Ya dube ni ya ce, "Ke, zanen ɗaurawa kika ce mani ko zanen hoto?"

Na ce, "Ni dai zane nic ce, Baba."

"To na janye. Ɗiyata ba ta tahiya wani gari koyon surar abu mai rai. Mi zan ce ma mutane? Mi zan ce ma Ubangijina?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. In ta rasa rajistar makon nan, gurbin ya tafi, kuma na san halinta, ba za ta sake nema ba. A gidanmu ba a mayar wa Baba magana. Amma ni in abu ya taso mini, ba ya komawa.

Na ce, "Baba, wa ya fara ɗora mata alƙalami a hannu? Tun da idonka ya fara hazo, wa ke cika maka launin zayyana? Kai ka koya mata, yau kuma ka ce laifi ne?"

Inna ta fito daga madafi da muciya a hannu. "Ke! Ubanki kike hwaɗa ma haka? Rufe muna baki ko in zane ki da muciyag ga!"

Na ga gemun Baba yana rawa, na ce yau kam na gamu da gamona. Ashe dariya yake dannewa. Ta ƙwace masa, ya ce, "Ga na ukku ya iso. Na ɗaurawa, na alƙalami, ga kuma na muciya."

Dariyar ba ta sauya masa ra'ayi ba, amma ta zaunar da shi. Ya jawo buzu, ya ce ni in yi shiru, Auta ta yi magana. Ranar na fara jin ƙanwata ta yi dogon zance. Ta ce a sashen ana koyar da saƙa da rini, da ginin tukwane, da adon rubutu, da tsara bangon littafi da allunan talla. Sannan ta ce, "Akwai zanen mutane ma, Baba. Ba zan ɓoye maka ba, a shekarar farko kowa sai ya yi." Na harare ta. Ni da ni ce, da na tsallake wurin.

Baba ya sallame mu. Washegari ya hau mashin zuwa Bukkuyum, wurin wani tsohon abokin karatunsa. Wunin nan na lalata rigar mutane, na ɗinke hannu a inda wuya yake. Bayan la'asar ya dawo, ya kira Auta.

Ya ce, "Malamai sun yi saɓani kan abin ga, kuma ni ina nan inda nike. Amma ba ki yi mani ƙarya ba, alhali ƙaryar ta fi sauƙi. Ki tahi. Duk hutu za ki zauna mu karanta babin hukuncin hoto tare, ki zaɓi abin da za ki ci abinci da shi da saninki."

Yanzu ta gama. Tana Gusau tana tsara bangon littattafai da allunan shaguna, har da yara biyu mata suna koyo a hannunta. Da ma'aikatan lafiya suka nemi hoton da zai nuna wa matan ƙauyen Sunke haɗarin dakan dutsen zinari a cikin gida saboda gubar dalma, ita ta yi. Turmi ta zana, da hannaye, da kwanon yaro a gefe, ba fuska ko ɗaya, kuma matan suka gane ba tare da an karanta musu ba. Baba ya riƙe takardar kusa da idonsa, ya daɗe, sannan ya ce jan ya yi yawa. A bakinsa wannan yabo ne.

Har yau bakina bai mutu ba, kuma ban yi nadamar abin da na faɗa ba. Amma na gane tsawata ƙofa kawai ta buɗe, maganar Auta ce ta shiga. Tun daga lokacin, in na ga ana shirin yanke wa mutum rayuwarsa yana zaune, sai in ce a dakata, a tambaye shi, a bar shi ya kai aya. Ni ma sai in kama bakina, ko da yana yi mini ƙaiƙayi.